Tsohuwar Pentium III tana mutuwa a tsakiyar wasa: me zan fara saya mata?

"Assalamu alaikum Malam. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da yayana yab bar mani tun lokacin da sunka rufe kafe ɗinsu nan Mabera. Pentium III ce 866MHz, RAM 128MB, had-dis 20GB, da Windows 98 cikinta, kuma ramin da aka soka wayar monita jikin bod ɗin yake. So nikai in riƙa buga wasannin da munka tashi da su, irin Road Rash, FIFA 98, Need for Speed III, Project IGI, da Vice City in zai yiwu. To kullum in na kunna ta sai ta ce in danna F1, kwanan wata ya koma baya. In na shiga wasa, minti goma zuwa sha biyar sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Na sawo RAM 512MB na ƙara mata, ta ƙi tashi sam, sai kuka takai. Wasannin DOS kuma babu sauti. Wani abokina ya ce in sa mata had-dis 500GB da Windows 7 in huta. Mi yak kamata in fara saye?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da za ka fara saye shi ne batir CR2032, mai kama da kwabo ɗin nan da ake sa wa rimot ɗin mota da na'urar gwajin suga. Daga shi sai ka mayar da sauran kuɗinka aljihu tukuna. In na fahimce ka, abubuwa huɗu ne suka haɗe maka: mantuwar kwanan wata, mutuwa a tsakiyar wasa, RAM ɗin da ta ƙi karɓa, da rashin sauti a DOS. Kai kana ganinsu ciwo ɗaya ne, wato tsufa da rashin ƙarfi, shi ya sa hankalinka ya tafi wajen ƙara mata kaya. Kowannensu da nasa dalili, kuma wanda ya fi damunka, mutuwar nan da take yi, babu RAM ko had-dis ɗin da zai warkar da shi.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Pentium III mai gudun 866MHz na shekarar 2000 ne. Road Rash ya zo kwamfuta a 1996, FIFA 98 a ƙarshen 1997, Need for Speed III a 1998, Project IGI kuwa a ƙarshen 2000. Waɗanda suka fara buga ukun farko da injinan da ba su kai rabin naka ba suka buga su. Vice City ne kaɗai zai sa ta haki, don na kwamfuta sai 2003 ya fito, kuma mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne 800MHz, RAM 128MB da katin hoto mai 32MB. Shawarar abokinka kuwa linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza: Windows 7 yana neman 1GHz da RAM 1GB, bod ɗinka kuma (babban faifan da komai ke soke a kansa), kamar yadda za mu gani, da wuya ya wuce 512MB. Ko da ya hau, ka zubar da abin da ya sa injin nan yake da daraja, wato Windows 98 da DOS na gaske a ƙarƙashinsa, tsohon tsarin nan na baƙin allo da ake rubuta masa umarni.

Maganar F1 ba ta da tsawo. Batir ɗin nan mai 3V shi ke riƙe da agogo da saitin BIOS (manhajar da ke cikin bod, mai tayar da inji kafin Windows) idan an kashe inji. Ya mutu, shi ya sa take mantuwa tana neman ka danna F1. Ka cire wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin don wutar jikinka ta sauka (da hunturu musamman, lokacin da ko hannu ka ba mutum sai ka ji tsat), ka canza shi, gefen da ke da alamar + yana sama. Ka shiga BIOS ka mayar da saiti na asali, ka gyara kwanan wata, ka adana.

Mutuwar tsakiyar wasa

Nan ne aikin yake. A shagona abin da nake fara tambayar mai inji shi ne yadda take mutuwa, don kowace irin mutuwa da inda take nuni. Idan hoto ya daskare, sauti ya maƙale yana maimaita kansa, zafi ko RAM nake zargi. Idan shuɗin allo ya fito da rubutu, RAM ne ko direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da wani sashe na inji. Idan layuka da ɗige-ɗige suka ɓata hoton kafin ta tsaya, ɓangaren hoto ne. Amma wadda za ta ɗauke ɗif ba sallama ta sake tashi kamar an danna mata maɓallin riset, kuma sai an shiga wasa, wannan mafi yawan lokuta wuta ce ba ta isar ta daidai. Kana kan rubutu furosesa hutawa yake yi. Da ka shiga wasa sai ya fara jan wuta da ƙarfi, kayan ciki su yi ɗumi, abin da ke da rauni ya saki.

Abin da ke sakin yawanci kafasita ne, ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a jere kusa da furosesa. Aikinsu su daidaita wutar da ke shiga masa, kamar randa da ke tare ruwa ko famfo yana yankewa. Daga wajen 1999 zuwa 2007 an cika kasuwar duniya da kafasitoci masu gurɓataccen ruwan ciki, suna kumbura suna tsiyaya tun ba su tsufa ba, injinka kuma ɗan wannan zamanin ne. Ko masu kyaun ma ruwansu bushewa yake yi da shekaru, zafi kuma na gaggauta bushewar, ka kuwa san abin da ɗakin kafe yake zama a Sakkwato cikin Afrilu da Mayu in rana ta haura digiri 40. Ka haska tocila ka dube su ɗaya bayan ɗaya. Kan lafiyayye a shafe yake sumul. Wanda ya yi tozo, ko ya tsage, ko ka ga wani busasshen abu ruwan ƙasa a kansa ko a gindinsa, ya gama aiki.

Ni kaina na taɓa barin jaki ina dukan taiki a kan wannan. Wani mai bizines santa a hanyar jami'a ya kawo mini inji mai irin ciwon naka, cikin azumi. Na canza RAM, na canza katin hoto, na sake zuba Windows har sau biyu, kwana uku ina abu ɗaya. Sai da na cire ƙarfen sanyaya furosesa don in sa sabon man da ke kai zafi daga furosesa zuwa ƙarfen, sannan na ga kafasita biyu da ƙarfen ya rufe sun kumbura kamar ƙosai. Tun daga ranar ba na taɓa manhaja sai idona ya ga kowane kafasita da ke bod. Canza su aikin mai dalma ne da ya saba da bod, don faifan hawa-hawa ne, yana shanye zafin ayon narkar da dalma, mai gaggawa kuma sai ya fizgo ramin gaba ɗaya. Masu gyaran talabijin da rediyo na da sun fi yaran gyaran waya iya wannan. Ka ce a sa masu lamba ɗaya da na asali wajen µF (girman kafasita), lambar V ɗin ta yi daidai ko ta ɗara kaɗan, masu rubutun 105°C, irin waɗanda aka yi don bod ɗin kwamfuta. A kula da gefen da ke da zane, in an juya shi fashewa yake yi. Kuma a canza duk 'yan layin, har waɗanda ba su kumbura ba, don tare suka sha wahalar.

In kafasitocin bod lafiya suke, sai fawa-fak, akwatin ƙarfen nan da wayar wuta ke shiga, mai raba wa kayan ciki wuta. Da mitar auna wuta ta masu gyara za ka gwada shi, inji yana kunne, a ɗaya daga cikin filogin had-dis da ba a amfani da shi: jar waya da baƙa su ba ka 5V, rawaya da baƙa su ba ka 12V, kuma kada su kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari, wato jar kada ta sauka ƙasa da 4.75V. Ka bar mitar a manne ka shiga wasan, ka ga ko lambar na faɗuwa kafin ta mutu. Kada ka buɗe fawa-fak da kanka, yana riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko an cire shi daga bango. Idan canji ya kama, akwai tarko uku. Bod na zamanin Pentium III daga layin 5V yake ciyar da furosesa, fawa-fak na yanzu kuwa ƙarfinsu a 12V yake, don haka ka karanta takardar jikinsa ka nemi mai 5V da ya kai 20A ko kusa. Na biyu, wasu injinan Dell na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 filoginsu kama ɗaya da na kowa, amma jerin wayoyin daban ne, in ka haɗa da na gama-gari za ka iya ƙona bod. Na uku, jan makunnin nan na baya mai 115 da 230. Kayan da aka kwaso daga Amurka a kan 115 suke zuwa, wutarmu kuwa 230 ce. Na ga yaro ya soka irinsa bai duba ba, ƙara ɗaya, hayaƙi ya tashi.

Zafi da ƙura su ma ka sallame su tun yanzu, tunda ka riga ka buɗe. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta daskare kamar bargo. Ka fitar da inji waje ka busa da bulowa, kana riƙe da fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Ka goge tsohon man da ke kan furosesa da sifirit, ka sa sabo kamar ƙwayar gero biyu. Ka yi a hankali wajen mayar da ƙarfen, don idon Pentium III na wannan zubin, ɗan guntun da ke tsakiyarsa, a buɗe yake, ba shi da murfi, in ka danna a karkace gefensa na ɓarewa. Sannan ka lura da abin da kake ba ta: ƙaramin janareta da firji ke kansa, duk lokacin da firjin ya tashi wuta na nutsewa, tsohon inji kuma ba ya haƙuri da haka. Ka gwada ta a kan UPS ko inbata mai kyau kafin ka yanke wa kowa hukunci. Ni dai da bazara ba na kunna irin waɗannan injinan tsakanin azahar da la'asar sai in ɗakin na da sanyi.

RAM ɗin da ta ƙi

Tunda ramin monita a jikin bod yake kuma gudun furosesa 866 ne, mafi kusa shi ne bod ɗinka na ɗauke da chipset (guntayen da ke haɗa furosesa da RAM da sauran kaya) na Intel 810E ko 815. Ka duba babban guntun da ke kusa da furosesa, ko ka shiga Device Manager, inda Windows ke jera kayan inji, za ka ga 82810 ko 82815. Su biyun iyakarsu 512MB ne jimilla. Kai kuma ka ɗora 512 a kan 128, ya zama 640. Ka cire tsohon, ka sa sabon shi kaɗai a ramin farko. In ta tashi, ka huta. In ta ci gaba da kuka, to sandar ce ba irin tata ba: SDRAM ne irin RAM ɗin da injinka ke ci, amma akwai na manyan kwamfutocin saba da ake kira registered, akwai kuma masu ƙwayoyin da tsarinsu ya fi ƙarfin waɗannan chipset, dukansu suna shiga ramin daram amma ba sa aiki. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne sanda biyu na SDRAM irin PC133 masu 256MB, ko ma biyu masu 128MB. SDRAM tsaga biyu gare shi a ƙasa, DDR tsaga ɗaya, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Kafin ka soka, ka goge haƙoran zinaren da robar goge fensir. Rabin RAM ɗin da ake kawo mini a matsayin matacce datti ne kawai ya hana shi. Bayan ta tashi ka bar Memtest86, manhajar gwajin RAM, ya zagaya ko sau biyu.

Kada 512 ɗin ya yi maka kaɗan a ido. Windows 98 da kansa rikicewa yake yi in RAM ya wuce 512MB, har ya riƙa cewa ba shi da isasshen wuri, sai an shiga fayil ɗin system.ini an taƙaita masa MaxFileCache a ƙarƙashin vcache. Wasanninka duka 256MB ya wadatar da su.

Had-dis da zubin Windows

Had-dis mai 500GB ba naka ba ne. Windows 98 da bod na wannan zamani ba sa ganin abin da ya wuce 137GB yadda ya kamata, kuma haɗarin shi ne wani lokaci za su yi kamar sun gani, sai ajiya ta tsallake iyakar, rubutu ya dawo ya hau kan fayilolin farko. FDISK, manhajar da Windows 98 ke rarraba had-dis da ita, ma ƙaryar girma yake faɗa in faifai ya wuce 64GB, wasu BIOS kuma a 32GB suke tsayawa. 20GB ɗin da ke ciki zai ɗauki duk wasannin da ka lissafa har da saura. Damuwata da shi shekarunsa ne. In kana jin yana ƙas-ƙas ko yana wani kuka mai tsini, ka kwashe abin da kake so yau. Madadinsa had-dis na IDE, irin na da mai faffaɗar waya, mai 40GB ko 80GB, ko adafta da ke mayar da katin CF ko SD ya zama had-dis. Na fi son adaftar, ba ta zafi, ba ta tsoron girgiza, kuma sai ka zare katin ka soka a laftof ka zuba wasanni. In had-dis da na'urar CD waya ɗaya suka raba, ka duba jamfa (ba ta sawa ba, ɗan ƙaramin filogin da ke bayan faifai), ɗaya ya zama Master ɗaya Slave.

Injin kafe ne, hannu dubu ya taɓa shi, don haka sabon zubi ya fi. Ka nemi Windows 98 Second Edition na 1999. Ka kwafe babban fayil ɗin WIN98 daga CD zuwa had-dis ka zuba daga can, ba zai ƙara damunka da neman faifai ba. Jerin da nake bi: Windows, direban chipset, DirectX (manhajar Microsoft da wasanni ke bi don hoto da sauti), direban hoto, sannan sauti, ina sake kunna inji bayan kowanne. DirectX 9.0c ne na ƙarshe da ke hawa 98, Vice City kuma yana buƙatar 9. Ka shiga Device Manager ka kunna DMA a kan had-dis, saitin da ke sauke wa furosesa nauyin jigilar bayanai, mutane da yawa na mantawa, wasa ya riƙa tsinkewa su ɗora wa furosesa laifi. Filas ba ya aiki a 98 sai da direba, akwai wani da ake kira NUSB da ke magance wannan a Second Edition na Turanci. Intanet kuwa kada ka haɗa ta da shi sam, Microsoft ta daina kula da 98 tun Yulin 2006. Tsofaffin faifan wasa na kwafi ma ka fara bincika su a sabuwar kwamfuta. Akwai ƙwayar cutar CIH ta 1998 da ke kama Windows 95 da 98, tana tashi ranar 26 ga Afrilu, tana iya shafe BIOS ɗin wasu bod gaba ɗaya.

Inda kuɗinka zai yi amfani

Bayan ta yi awa biyu tana wasa ba ta mutu ba, to a nan ne za ka sayi abu ɗaya da zai canza ta: katin hoto. Hoton da ke jikin bod daga RAM ɗinka yake ci, zai ja Road Rash da FIFA 98, zai lallaɓa Need for Speed III, amma Vice City ya fi ƙarfinsa. Ka dubi ramukan bod. Farare PCI ne. In akwai guda ɗaya ruwan ƙasa da ya ɗan ja baya a samansu, AGP ke nan, kuma 815 ne ke zuwa da shi, 810 ba shi da shi ko kaɗan. Mai AGP ya nemi GeForce2 MX, GeForce4 MX 440, ko in an dace GeForce4 Ti 4200 na 2002, wanda a ganina shi ne daidai wuyan wannan inji. Marar AGP ya nemi GeForce FX 5200 ko Radeon 9250 na PCI. Ka riƙe wannan da kyau: PCI daban, PCI Express daban, kuma yawancin abin da za a miƙo maka a kasuwa yau na biyun ne. AGP ma akwai na 3.3V da na 1.5V, tsagar da ke haƙoran katin ce ke bambanta su, in bai zauna da sauƙi ba kada ka tilasta. Ga katunan Nvidia na wannan zamani direba 45.23 na 2003 nake sawa, don sababbin da suka biyo baya sun fi nauyi kuma suna ɓata wasu tsofaffin wasanni. Za ka ji masu sha'awar abin suna yabon Voodoo na kamfanin 3dfx, kuma gaskiya Need for Speed III yana kyau a kansa, amma tun da Nvidia ta saye kadarorin kamfanin a ƙarshen 2000 katin ya zama kayan masu tarawa, ba na ba ka shawarar bin sa.

Canza furosesa zuwa 1GHz ba zai nuna maka bambancin da ya kai wahalarsa ba, Pentium III na ƙarshe da ake kira Tualatin kuma ba ya aiki a yawancin bod irin naka ko da ya shiga ramin. Kayan nan duka ba a sabon shago ake samunsu ba. Ka zagaya wajen tsofaffin masu gyara, da ofisoshin da suka jibge matattun injina a sito, da 'yan jari-bola kafin su farfasa. In ya faskara sai a yi saƙo Kano ko Computer Village ta Ikeja, da sharaɗin a gwada kafin a ɗauro.

Saura sautin DOS, kuma a nan ba zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Wasannin DOS irin Prince of Persia da Doom kai tsaye suke neman katin Sound Blaster a ramin ISA, dogon baƙin ramin nan, da waɗannan lambobin saiti: adireshi 220, IRQ 5 ko 7, DMA 1. Bod na 810 da 815 akasari ba su da ISA. Abin da ya rage shi ne kwaikwayo. Ka fara buɗe wasan daga cikin Windows 98 maimakon fita DOS zalla, ka shiga saitin sautinsa ka zaɓi Sound Blaster da lambobin can, sau da yawa ƙarar harbi da magana za su fito ko kiɗan bai fito ba. Katin PCI irin Sound Blaster Live! ko masu guntun Yamaha YMF724 da YMF744 sun fi iya kwaikwayon, akwai kuma wata manhaja ta zamanin nan, SBEMU, da ke yin sa a DOS da sautin jikin bod. Duk da haka wani wasan zai yi, wani ya ƙi, wani kuma gudun 866 ne zai yi masa yawa ya faɗi da Runtime error 200, ciwon shirye-shiryen da aka rubuta da Turbo Pascal in furosesa ya wuce wajen 200MHz. Irin waɗannan ni a DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, nake buga su a laftof, in bar tsohon inji da wasannin 1996 zuwa 2001 inda ya fi kowa.

Daga nesa nake maganar nan, ban ga bod ɗinka ba, kuma akwai kafasitan da ke mutuwa ba tare da ya kumbura ba, sai an cire shi an auna. Idan ka canza batir, ka share ƙura, ka ga kawunan kafasita sumul, mita ta nuna 5V da 12V tsaye, ita kuma ba ta daina mutuwa ba, to ka ɗauko ta da fawa-fak ɗinta da sandunan RAM biyun ka kai wa mai gyaran da ke da wani fawa-fak na gwaji. Monita kuwa ka bar shi gida, in mai ƙeya ne ma kada ka kuskura ka kwance bayansa.